Kiran Safiyar Alhamis

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, kafin azahar, Allah Ya karɓi ran mai shagon maganin unguwarmu, wadda kowa ke ce wa Anti, ni kuwa nake ce mata Malama. Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma kowa ya nufa, ita ta riga mu isa. Ba ta yi jinya ba. Da safe ta buɗe shago kamar kullum, ta share ƙofa, ta jera kwalaye a kan kantar shagon, sannan ta leƙa wurin telan da ke maƙwabtaka da ita ta ce masa ƙirjinta ya riƙe. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Malama, yau kwana goma sha biyu da tafiyarki, amma har yanzu in na fito ƙafata ce ke karkata zuwa layinku kafin in tuna. Shagon yana rufe. An liƙa sanarwa a jikin ƙofa, na tsaya na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, da yatsa, yadda kika saba ganina ina yi. Ba don ke ba, da sai dai in wuce ta ban san maganarki take yi ba.

A gidan rasuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane sun cika ciki da waje, amma da yawansu ba sa haɗa ido da juna. Kowa ya zo shi kaɗai, ya yi gaisuwa a taƙaice, ya zauna can gefe, ya tashi ya tafi. 'Yarki, wadda ta iso daga nesa, ta matso kusa da ni ta ce, "Inna, su wane ne waɗannan? Duk wanda na tambaya a ina ya san mahaifiyata sai ya ce a shago, daga nan sai ya sunkuyar da kai." Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Wannan rubutun shi ne amsar. Kafin in ɗauki biro na nemi izinin mutum biyun da maganar ta shafa. Matar ɗana ta ce in rubuta. Ɗana kuma ya ce, "Rubuta, Inna. Ta ci a rubuta."

Shekara tara ke nan da na fara shiga shagonki. Maigidana bai daɗe da rasuwa ba, hawan jini ya kama ni, aka ba ni takarda a asibiti. Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, ban san ko harafi ɗaya ba. Na miƙa miki takardar a juye, kika karɓa kika gyara ta a hannunki ba tare da kin nuna kin lura ba. Kika zuba ƙwayoyin a ambulan biyu, kika zana rana a jikin ɗaya, kika zana wata a jikin ɗayan. Da na dawo a wata na gaba sai na ga kin ƙara wani abu a ƙarƙashin kowane zane. Kika ce wannan "safe" ne, wannan kuma "dare". Haka muka yi wata huɗu. Ranar nan sai kika miƙo mini su babu zane, rubutun kawai.

Na ce, "Malama, kin manta ranar da watan."

Kika ce, "Ban manta ba, Yaya. Duba dai."

Na duba, na duba, sai na ga na san wanne ne na safe. A gabanki na yi kuka, wata mata da ta zo sayen maganin tari ta zaci rasuwa aka yi mini. Satin nan kika sa aka rubuta sunana a ajin manya, inda na yi shekara uku ina zama a kujerun yara, gwiwoyina suna ciwo. Duk abin da aka koya mana a aji sai na kawo miki kin sake duba mini. Shi ya sa rubutun hannunki na fi sani a duniya. Ko a cikin takardu dubu zan fitar da shi.

Ni mace ce mai fargaba, ban taɓa ɓoyewa ba. In ɗana ya yi tari sau biyu, na riga na hango makabarta. Da kin hango ni na shawo kwana da sauri sai ki leƙo ta saman tabaranki ki ce, "Yaya, yau kuma wa za mu binne?" Sai in yi dariya, rabin tsoron ya tafi. Ban san ke za mu binne ba.

Saboda yawan zamana a bencinki na ga yadda kike aiki, kuma shi nake so 'yarki ta sani. A bayan babbar kanta akwai kujera ɗaya, a kan tebur kuma akwai tsohuwar rediyo. Duk wanda ya zagaya ya zauna a kujerar nan sai ki ƙara wa rediyon murya, na waje ba ya jin komai sai labarai da kiɗa. Da farko masu ciwon da ake ɗauka ta saduwa kaɗai kike zaunarwa a can. Ba a jima ba unguwa ta gane, har ya zama in an ga mutum ya zagaya, an gama da shi ke nan. Da kika ji haka sai kika kwashe abin awon jini da sikeli kika mayar da su can baya. Daga ranar kowa can yake zama, da tsohuwa mai ciwon ƙafa, da liman, da mai jego, da ni, kuma kowa sai an ƙara masa rediyo. Kujerar ta daina nuna kowa.

Sau da yawa na ji namiji ya shigo ya rage murya ya ce, "Anti, ba ni ƙwayar nan ja-da-baƙi guda biyu."

Ki ce, "Na wa?"

Ya ce, "Na wani abokina ne."

Ki ce, "To, ka ce wa abokin naka ya zagayo, kujera na nan. In yana jin nauyi, kai ka zauna masa."

Wani ya yi dariya ya zagaya. Wani ya yi tsaki ya fita, ya tafi inda za a ba shi ba tambaya. Kin rasa masu saye da yawa a kan haka, ba ki canza ba. Kin sha gaya mini cewa ƙwaya biyu tana kwantar da zafin ne kawai, cutar tana nan, kuma gaba sai ta ƙi jin maganin. Kikan ce, "Ni ba likita ba ce, Yaya. Aikina in ga mutum ya isa wurin gwaji bai gudu a hanya ba, in an rubuta masa magani kuma ya shanye duka." Samari kan shigo sayen kwaroron roba suna zufa, ki naɗe musu a takarda ki miƙa kamar sabulu suka saya, ba wa'azi, ba kallon banza.

Akwai kuma 'yar shuɗiyar takarda da kike rubutawa da hannunki, don kin ce bugaggiya tana tsorata mutane. Duk wanda gwaji ya nuna yana da irin wannan ciwo sai ki ba shi ita ya kai wa abokin zamansa, domin in an yi wa ɗaya magani an bar ɗaya, aikin banza aka yi. Na sha ganin kina rubuta ta. Ban taɓa zaton zan riƙe ta a hannuna ba.

Gidanmu ɗaki biyu ne suna kallon juna, famfo da igiyar shanya a tsakani. Ni a ɗaya, ɗana da matarsa a ɗayan. Gyaran firji yake yi. Bara surukata ta haihu a wata na takwas, yaro namiji, bai zo da rai ba. Ba wanda ya gaya mana dalili. Hular da na saƙa masa na jefa ta can ƙasan akwati. Daga baya ta sake samun ciki, da ya yi nauyi sai na karɓe mata wanki.

Tun yana yaro ɗana ke barin takardu a aljihu, ni kuma in ciro in tara masa a bakin taga. Ya san na shiga aji, shi ya saya mini littafin rubutu na farko. Amma a can cikin ransa har yanzu ni ce uwar nan da takarda ba ta ce mata komai. Da ya tuna, da bai bar ta a rigar aiki ba.

Ranar wata Asabar ina tsugune a bakin famfo na ciro shuɗiyar takarda daga aljihun gaba. An ninke ta huɗu, gefunanta sun yi baƙi da man inji, alamar ta daɗe ana ɗauke da ita. Na buɗe, na ga hannunki. Ga abin da ta ce: "Wanda ya ba ki wannan takarda ana yi masa maganin ciwon da ake ɗauka ta saduwa. Ke ma kina bukatar gwaji ko da ba ki jin komai, musamman in kina da ciki. Yana da magani. Ki zo, ba wanda zai tambaye ki komai a gaban mutane." Surukata tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Cikinta wata shida. Ba a ba ta takardar ba.

Da kumfa a hannuna na zo shagonki. Na zagaya da kaina, kika ƙara rediyo.

Na ce, "Wannan rubutunki ne."

Kika ce, "Nawa ne."

"A aljihun ɗana na samo shi."

"Yaya, ina rubuta irinsa da yawa."

"Me ke damunsa?"

"Ba zan gaya miki wanda ya zauna a kujerar nan ba. Ke ma shekara tara kina zama a kanta, wa ya taɓa jin abin da kika faɗa?"

A nan na gaya miki maganar da har in mutu ba zan daina jin zafinta ba. Na ce jikana ɗaya yana cikin ƙasa, kina so a ƙara na biyu don ki tsira da amanarki. Kika cire tabarau, kika daɗe kina goge shi da gefen mayafi. Sannan kika ce, "Tambaye ni a kan cuta, in gaya miki duk abin da na sani. Kada ki tambaye ni a kan mutum."

Na tambaya. Kika lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, ba ki daɗe a kan wata fiye da wata ba. Ni ce na tsayar da ke a kan wadda ke taɓa ɗan ciki. Kika ce tunjere takan kwanta a jiki shekaru mutum bai sani ba, wani tun kafin ya yi aure, kuma takan ratsa ta kai ga abin da ke ciki har a haife shi ba rai. Kika ce allura ce maganinta, a asibiti ake yi, in ta daɗe a jiki guda uku ake yi, sati ɗaya tsakani. Mai ciki in ta tsallake ɗaya har kwanaki suka ja, sai a koma farko, kuma ana so a gama da sauran lokaci kafin haihuwa. Kika ƙara da cewa, "Ba a kujerar nan ake shari'ar wanda ya kawo ta gida ba."

Na ce, "To takardar fa?"

Kika ce, "Mayar da ita inda kika same ta. Ba ke aka ba ba. In kika faɗa da bakinki kin ƙwace masa maganar, kuma ba kowane gida ke ɗaukar haka ba. Ki ba mai ita sati biyu. In ya wuce, ki dawo mu sake zama."

Na fita ban yi miki sallama ba. Kwana goma sha tara ban taka shagonki ba. Yanzu nakan zauna in ƙirga su, kwana goma sha tara da kina nan da rai, taku ɗari biyu daga ƙofata, ni kuwa ina fushi.

Ban taɓa sanin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Muna cin abinci mu uku, ina kallon ɗana, ina kallon cikin matarsa, ba ni da wanda zan gaya wa. Na mayar da takardar aljihu. A wanki na gaba na sake samunta, na sake mayarwa. A na uku sai na warware ta, na sa dutsen guga na goge ta har ta miƙe, na ɗora ta a buɗe a saman rigunansa. Da ya zo ɗauka ya tsaya a bakin ƙofata kamar an dasa shi.

Ya ce, "Inna, har da takarda kika goge mini?"

Na ce, "Ta yamutse ne."

Ya kalle ni, ya kalli littafin rubutuna da ke kan tabarma. Ya kwashi rigunansa ya tafi. A wanki na huɗu aljihun ba komai a ciki.

Na ɗauka gugata ce kaɗai ta yi aiki. Sai bayan rasuwarki ɗana ya gaya mini cewa a cikin sati biyun nan sau huɗu kika kira shi wai firjin magunguna ya tsaya. Ya ce yakan zo da akwatin kayan aiki, ya leƙa baya, ya ce, "Anti, ai cire wayar aka yi daga bango." Ki ce, "Ashe? To tunda ka zo, zauna." Ba ki taɓa yi masa faɗa ba. Kwanakin cikin matarsa kawai kike ƙirga masa. A karo na huɗu kika ce in bakinsa ba zai iya shi kaɗai ba, ya kawo ta, ki zauna da su. Haka aka yi. A kujerar nan ya gaya mata, yana tsugune a ƙasa, rediyo yana ta yi. Abin da suka ce wa juna nasu ne. Na dai ga ta yi kwanaki ba ta kallon inda yake, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Daga nan na lura da wani abu. Ranar Alhamis, ƙarfe takwas na safe daidai, wayar surukata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Ba ta ɗauka ba. Ta sa mayafi ta ce mini za ta je awo. Alhamis ta gaba ma haka, ƙara ɗaya, ƙarfe takwas. Sai na gane ke ce. Haka kike tuna wa mutane ranar allurarsu: kira ɗaya ki katse, ba saƙon da wani zai karanta, ba muryar da wani zai ji. Daga baya na san cewa a lokaci guda kikan kira wata nas a asibitin unguwa, ita kuma ta shigar da mutum ta ƙofar gefe. Dalili kuwa, mai ba da kati a ƙofar gaba 'yar layinmu ce, kuma abin da ta gani da safe kafin la'asar ya zagaye unguwa.

Bayan Alhamis ta farko na dawo shagonki ina jin kunya. Kika ce, "Yaya, an gama fushin? Zagayo in auna ki, na san ya hau." Shi ke nan. Ba ki ba ni damar neman gafara ba. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin tafiyarki, na sake zuwa. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Malama, wai in mutum ya yi biyu, ba su isa ba?" Kika yi dariya kika ce, "Ke da kika iya karatu, lissafi ne zai gagare ki? Biyu ba uku ba ne, Yaya." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Kin rasu Talata. Alhamis ce ranar allura ta uku. Ɗana ya tafi wani gari aikin kwana biyu. Tun da na idar da sallar asuba na zauna ina kallon agogon bango. Takwas ta buga, gidan shiru. Takwas da kwata, shiru. Na ji surukata ta yi shara, ta wanke kofuna, sannan na ji ƙarar gado, ta koma ta kwanta. Ba ta san na sani ba. Ni kuma sama da wata ɗaya ina riƙe da bakina kamar yadda kika ce. Na yi tunanin in shiga ɗakinta, na rasa kalmar da zan fara da ita wadda ba za ta sa ta ji kamar an tuɓe ta ba. Na ce a raina, da Malama tana nan me za ta yi? Sai na ga ai na san abin da za ta yi.

Na ɗauko wayata, na nemo sunan yarinyar harafi bayan harafi. Na danna. Daga ɗakinta na ji wayarta ta yi ƙara. Sau ɗaya. Na katse.

Sannan labulena ya ɗaga, ta tsaya da wayar a hannu, ɗayan hannun a kan ciki.

Ta ce, "Mama, ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun wanki."

Ta zauna a bakin gadona ta yi kuka ba sauti. Ta ce, "Ba wanda zai buɗe mini ƙofar gefe yau. Ba zan iya tsayawa gaban matar nan in faɗa da bakina ba. Na ce ko biyun sun isa."

Na ce, "Biyu ba uku ba ne, 'yata. Kuma ba sai kin faɗa da baki ba. Ɗauko mayafinki."

Na yago takarda daga littafina na rubuta, da karkataccen hannuna: "Allura ta uku. Daga wurin mai shagon magani." A asibiti mai ba da kati ta miƙo wuya ta ce, "A'a, Inna, lafiya kuwa da sassafe?" Na dafa kafaɗar surukata, na ƙara jan ƙafa, na ce, "Tsufa ne ke tambayata, yarinya ta rako ni." Ta bi ni da kallo, ba ta ko dubi yarinyar ba. Muka wuce har ɗakin allura. Na miƙa wa nas ɗin takardar. Ta karanta, ta zauna a kujera, ta rufe fuska da hannu. Ta ce, "Tun takwas nake kallon wayata, na kuma san ba za ta kira ba." Ta yi wa surukata allurar. Ta uku, a ranarta.

Muna shirin fita sai nas ɗin ta ce mini wata magana da ta hana ni sukuni har yau. Ta ce, "Inna, mutum uku nake jira daga wurinta yau. Ku kaɗai kuka zo." Na ce a kira sauran mana. Ta ce ba ta da lambarsu, ke ce mai kira, kuma a wayarki ba ki ajiye kowa da suna ba.

Don haka, kai ko ke da kake karanta wannan, in wayarka ta saba yin ƙara sau ɗaya da safe amma kwanakin nan ta yi shiru, ba mantawa da kai aka yi ba. Mai kiran ce ta rasu. Ka ɗauki wannan rubutun a matsayin kiran. Ka tashi ka je ka ƙarasa maganinka. In kana da shuɗiyar takarda a aljihu, ka miƙa ta yau ga mai ita. In bakinka ba zai iya ba, ka rubuta. In ba ka iya rubutu ba, ka zana, za a gane.

Malama, saura sati bakwai surukata ta haihu. Nas ta ce za a duba jaririn in ya zo, ta ce mu kwantar da hankali. Kin san ni, hankalina ba ya kwanciya. Sau goma a rana nake tambayar yarinyar ko ya motsa, har ta fara ce mini, "Mama, ya gaishe ki, ya ce ki zauna." Amma ba wanda ke leƙo ni ta saman tabarau. Maganina ya ƙare, na je wani shago a bakin titi. Yarinyar da ke wurin tana da kirki, ta miƙo mini kwali da bugaggen rubutu, ta ce "na gaba" kafin in gama gaisuwa. Babu kujera. Ambulan ɗinki na ƙarshe yana cikin littafina, ba komai a cikinsa, sai "safe" da hannunki. Jiya na ciro hular nan daga ƙasan akwati na wanke ta, na shanya a igiya. Ɗana ya gan ta, ya tsaya, ya gyara mata zama don kada iska ta ɗauke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki, wadda yanzu ta san su wane ne suka cika gidan suna sunkuyar da kai. Kowannensu yana da labari irin nawa, ba zai iya faɗa ba, zuwan da ya yi shi ne faɗarsa. Ina yi wa mijinki ta'aziyya, da tsohuwar mahaifiyarki da aka ce har yanzu tana tambayar ko kin rufe shago, da 'yan'uwanki, da nas ɗin ƙofar gefe, da telan da ya ji maganarki ta ƙarshe. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi.

Ke kuma, Malama, ki yafe mini maganar nan da kwana goma sha taran nan. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Ya sa duk wanda ya warke ta hannunki ya zama shaida a gare ki, da duk jaririn da ya zo da rai bai san dalili ba. Ya sa Aljanna ce gidanki. Ranar da za a buɗe takardar kowa a gaban jama'a, Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana. Amin.